Neman Matar Jikin Kwalba, Daga Gure Zuwa Kano

Haƙƙi biyu ne suka hau kaina a wannan al'amari. Akwai haƙƙin uwa a kan ɗanta, wanda ba a gama sauke shi, sai dai mutum ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Akwai kuma haƙƙin jama'ar garin da nake cin abinci da sunan yi musu aiki. Saboda na farkon na yi tafiyar da zan ba da labari, saboda na biyun nake rubuta shi. Tun da na dawo, abokan aikina a biro, wato ofishinmu, da abokan zamana a majalisar shayi ba su bar ni na huta ba: yaya Kano, yaya hanya, da gaske ne ka ɓatar da tsohuwa a tsakiyar birni? Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki inda ya ba shi dariya ya watsar da sauran. Ga shi nan gaba ɗaya, yadda ya faru.

Sunana Yunusa. Aikina a Gure shi ne rubuta haihuwa da aure da mutuwa, da adana takardunsu. Ni ne kuma ɗan farin mahaifiyata. Wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da hakan ke nufi, amma saboda yaran yanzu zan fayyace. Iya, kamar yadda kowa ke kiranta, ba ta taɓa faɗin sunana ba. Ba ta zama inda nake zaune, ba ta cin abinci ina kallo, ba ta yi mini magana kai tsaye. Tun da aka yaye ni ƙanwarta, Inna Falmata, ta ɗauke ni, kuma ita ce bakin Iya a wurina, ita ce bakina a wurin Iya. In Iya na son a gyara mata katanga, sai ta dubi Inna ta ce, "A gaya wa mai takardu damina ta kusa." Kunya ce irin ta iyayenmu, ban kuma taɓa jin nauyinta ba sai bana.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci Inna ta zo gidana, ta ƙi zama a kan tabarma.

"Yunusa, yayata tana da ƙullutu a mama. Ya yi tauri, fatar wurin ta soma lotsawa."

"Tun yaushe, Inna?"

"Tun kafin girbi."

Lokacin kuwa bazara ta yi nisa. Ashe an kai ta wurin majo, babban malamin asibitin garinmu, ba da sanina ba, ya duba ya ce a hanzarta zuwa Damagaram, yana tsoron sankarar mama ce, wataƙila sai an yi opirasiyo, wato tiyata. Iya ta dawo gida ta ce ba wuƙar da za ta taɓa ta, ai ta sami magani.

Maganin kuwa duk mun san shi, ko da ba mu kula ba. Wata farar mota ce mai lasifika take bin ranakun kasuwa, yau Gure, gobe Gidigir, jibi ƙauyukan wajen Gamu, tana shela da Hausa da Barbarci: masana sun gwada, sun tabbatar, ruwan naman kaza yana kashe sankarar mama, ba wuƙa ba allura. Mu da aka hana mu taɓa naman kaza, lemar kwaɗi, tun muna yara, sai ga shi ana sayar wa iyayenmu ruwanta a kwalba. Inna ta kawo mini ɗaya. Ruwa ne baƙi-baƙi mai warin jiƙaƙƙen itace. A jikin kwalbar akwai hoton wata mata sanye da hijabi da farar rigar likita, tana riƙe da ɗan faranti na gilashi, a ƙasa an rubuta cewa malamar jami'a ce a Kano.

Na aika wa Iya da duk hujjar da na sani. Inna ta dawo da amsa, tana sunkuyar da kai: "Ta ce kai takardar mutuwa ka iya, wannan baiwar Allah kuwa warkarwa ta karanta." Maganar ta yi mini zafi, domin gaskiya ce hannuna ya rubuta mutuwar mata da yawa, kuma na ƙudurta a raina ba zan zauna ina jiran ranar da za a kawo mini sunanta ba. Na sake aikawa, na sake. A ƙarshe ta gindaya sharaɗi: in matar jikin kwalba ta ce mata da bakinta ta bari, za ta bari. Ina jin ta faɗi haka ne don tana ganin ba zai yiwu ba.

Na ɗauki hoton kwalbar da waya na tura wa Sani, abokin karatuna a lise, wato sakandare, wanda ya daɗe a Kano yana koyar da Faransanci. Ya yi ta cigiya har ya gano matar. Mutum ce mai rai, sunanta Dakta Rabi, kuma ta yarda ta gan mu kafin wata tafiya da za ta yi. Ƙanwata tana jego, ƙanena yana can arewa wajen haƙar zinariya inda waya ba ta shiga. Saboda haka tafiyar ta zama ta mu uku: Iya, da Inna, da ni.

Muka shiga kar, babbar motar fasinja, ta Damagaram. Su biyu suka zauna gaba, ni na koma can baya kusa da buhunan kanwa. A Gidigir, garin da aka haifi Iya, masu talla suka yanyame tagogi da dabino da cuku da goruba. Wata tsohuwa ta gane ta, ta ɗaga murya, "Ke, ina zuwa da rana haka?" Iya ta ce, "Ziyara." Daga inda nake na hango ta ta kwance bakin zane, ta fiddo kwalbar, ta tsiyaya a murfi ta shanye, ta mayar ta ɗaure kamar mai ɓoye zinariya. Haka ta yi ta yi safe da yamma har muka isa Kano. A Damagaram muka sauka gidan wani ɗan baffana, aka yi mana tuwo da miyar kuka, washegari muka kama hanyar Matamaye zuwa iyaka.

A kan iyaka aka ce kowa ya fito da katinsa. Na miƙa nawa da na Iya, waɗanda na duba tun a gida. Inna kuwa ta ce nata yana wurinta, kada in dame ta. Ta warware ƙullin leda, ta warware wani a cikinsa, ta miƙa. Jami'in ya dubi katin, ya dubi Inna, ya sake duban katin.

"Hajiya, yaushe kika aske gemun?"

"Wane gemu, ɗan nan?"

Katin marigayi mijinta ne. A gwangwani ɗaya take ajiye su, ita kuwa ba ta karatu, kuma ba ta tsaya duba hoton ba. Jami'in ya yi dariya har ya share hawaye, amma ya ce ba za ta wuce ba, kuma gaskiyarsa. Nan take masu kabu-kabu suka kewaye ni, suna ce mini Mushe, yadda ake kiran ma'aikaci a ƙasarmu: "Mushe, kawo ta mu bi da ita ta bayan gari, kafin ka sha ruwa ta tsallaka." Na ce ba za a yi haka ba. Ni da nake korar mai neman in rage masa shekaru a takardar haihuwa, ba zan saci hanya da uwar goyona ba.

Inna ta kama ƙugu. "Takarda ce ta goya ka? Takarda ce ta wanke maka kashi? To in na koma, wa zai yi muku magana, kai da ita? Iska?"

Na karɓi katin na mayar mata. Jira ba zai yiwu ba, Dakta za ta yi tafiya, ƙullutun kuma ba ya jiran kowa. Iya tana tsaye gefe tana kallon wata bishiyar bedi, sai ta ce, kamar da bishiyar take, "A ƙyale shi. Da ya yarda, da ba shi ba ne." Inna ta koma Matamaye gidan wata ƴar ɗakinta tana faɗa har ta shiga mota. Muka tsallaka mu biyu, uwa da ɗan fari, babu baki a tsakaninmu.

A wancan ɓangaren ƙananan motoci ne, ana cusa mutum biyu a kujerar gaba. Na matsu kusa da direba, Iya ta zauna baya kusa da wata ƴar kasuwa mutuniyar Daura, Hajiya Ladi, mai ƙiba da fara'a. Da azahar ta yi sai na ji Iya tana cewa a hankali, "Baiwar Allah, ki gaya wa na gaban can a tsaya in yi salla."

"Direba?"

"A'a, na kusa da shi."

"Ba tare kuke ba? Ki gaya masa mana, ga kunnensa nan kamar faranti." Sai ta dube mu, ta tafa hannu. "Au, ɗan fari ne! Ikon Allah, ku har yanzu kuna yi? Mu kakata ce ta ƙarshe a gidanmu. Ni nawa ɗan farin in bai ɗauki waya ba, da sunansa da na ubansa nake haɗawa."

Duk da haka ta karɓi aikin hannu biyu, har tana ƙara nata. "Malam, ta ce a sayo ruwa. Ta kuma ce ka cika tsuke fuska, kamar mai karɓar haraji."

"Ban ce ba," in ji Iya, tana kallon taga.

A Daura Hajiya Ladi ta rantse sai mun sha fura. Tasu ana dama ta da sukari da ƙanƙara, Iya ta kurɓa ta ce wa ƙoƙon, nonon bai san ciyawa ba. Da za mu rabu Hajiya Ladi ta ja ni gefe, fara'ar ta ɗauke daga fuskarta. Ta ga kwalbar, ta ce ƙanwar mijinta irinta ta sha har aka rufe ta. "Kada ka sake ka koma da ita haka nan, ka ji ko?" Na ce na ji.

Kano gari ne da ba ya yin shiru. Kowane shago da injin wutarsa, kowane direba hannunsa a kan oda. Mu a Gure in baƙo ya tambayi hanya sai an raka shi, su kuwa da haɓa suke nuna maka, ba don rowa ba, don kowa yana sauri. Suna yi mini dariya in na ce wa makaranta lakwal, ko na ce biro, ni ma ina riƙe tawa in sun ce ofis. Sani ya sauke mu a gidansa, matarsa Maryam ta karɓi Iya kamar uwarta, ta kuma gaji aikin Inna ba tare da an roƙe ta ba. Aka kawo gurasa da ƙuli da yajin da ya sa ni tari har yaran gidan suka fito kallo. Iya kuwa, a ɗakin Maryam, an ce ta cinye tata har ta nemi ƙari.

Ranar ganin Dakta, Sani yana aji, Maryam ɗanta ya kwana da zazzaɓi. Muka fito titi mu biyu, na tsayar da babur mai ƙafa uku da suke kira adaidaita sahu. Iya ta leƙa, ta ga kujera ɗaya ce, sai an zauna kafaɗa da kafaɗa, ta ja da baya ta tsaya. Na fahimta. Na tsayar da na biyu, na ce wa direbanta ya bi bayanmu kada ya kuskura ya rabu da mu. Muka isa wata babbar mahaɗa mai gada a sama, motoci suka cakuɗe, na waiga na ga adaidaita sun fi a ƙirga, duk launi ɗaya. Babu Iya.

Ba ta da waya. Ba ta san unguwar Sani ba. Jami'a kuma a Kano ba ɗaya ba ce, kowace da ƙofofinta. Na sauka a inda na yi mata ganin ƙarshe na tsaya cikin rana, na ce ko zan narke ba zan gusa ba. Abin da ya faru a wajenta direban ne ya ba ni labari daga baya. Ya tsaya gefen hanya ya ce, "Mama, yaya sunan ɗan naki?" Ta ƙi faɗa. Mutane suka taru.

"Ba ki san sunan ɗanki ba?"

"Na sani."

"To faɗa mana."

"Ba na faɗa."

Wasu suka ce ruɗewar tsufa ce, a kai ta wajen ƴan sanda. Sai wani dattijo mai sayar da huluna ya ce, "Ku ba ta wuri, na fari ne. Mama, sunan wane annabi aka sa masa?" Iya ta ja mayafi ta rufe baki ta ce, "Wanda kifi ya haɗiye."

Ina tsaye sai na ji ana kwarara kira daga nesa: "Yunusa na Nijar! Yunusa na Nijar, ga babarka!" Ni da ake ce wa Mushe a Gure, har dattawa, sai ga sunana tsirara a bakin titi, masu talla suna amsawa suna dariya. Ban taɓa jin daɗin kira irin wannan ba. Da suka iso Iya ta matsa can ƙarshen kujera, ta ajiye jakarta a tsakiya, ta ce wa direban, "Gaya masa ya shigo, rana ta yi yawa."

Dakta Rabi ta fi hotonta ƙanƙanta da shekaru. Ta durƙusa ta gaida Iya, ta karɓi kwalbar, ta karanta abin da aka rubuta, ta juya ta sake karantawa. Sannan ta mayar wa Iya.

"Wannan hoton a wajen wani taro aka ɗauke shi, ina yi wa ƴan'uwana malamai bayanin aikina. Ban san mutanen nan ba. Mama, ni ba likitar duba marasa lafiya ba ce, binciken magunguna nake yi. Wallahi ban taɓa ba wa ɗan Adam ko cokali ɗaya ya sha ba."

Iya ta dube ta. "To ƴata, ƙarya suka yi ke nan? Ba ya kashewa?"

"Yana kashewa, Mama. Amma taso ki ga inda yake kashewa."

Ta kai mu wani ɗaki mai sanyi, aka sa muka wanke hannu muka rufe baki da hanci. Ta buɗe wani akwati mai ɗumi ta fito da ɗan faranti irin na jikin kwalbar, da ruwa ja-ja a ciki, bai kai cikin cokali biyu ba. Ta ce a cikinsa akwai ƙwayoyin sankarar mama waɗanda aka ciro daga jikin wata mata tun da daɗewa, ana rainonsu don gwaji. In ta ɗiga musu ruwan da suka tace daga wasu nau'o'in naman kaza, musamman masu taurin nan da ke fitowa a jikin kututture, wasu ƙwayoyin sukan mutu, wasu su rage yaɗuwa.

"Abin murna ne, shi ya sa na ba shi rayuwata," in ji ta. "Amma duba farantin nan. Ba shi da ciki, ba shi da hanta, ba shi da jini. Ko ruwan kanwa mai ƙarfi na zuba musu za su mutu, ba kuwa za a ce kanwa ta warkar da sankara ba. Ba mu sani ba ko in mutum ya sha zai isa wurin ciwon, ko nawa ne zai isa, ko zai ɓata hanta kafin ya isa. Sai an gwada a dabbobi, sannan a mutanen da suka yarda, a gaban likitoci, kuma aikin shekaru ne. Wataƙila a dace, wataƙila a'a. Wannan kwalbar kuwa, ban ma san abin da aka zuba a ciki ba."

Ta ɗora farantin a ƙarƙashin madubin likita. Iya ta rufe ido ɗaya da gefen mayafi, ta sunkuya, ta daɗe ƙwarai. A Gidigir, kafin shuka, mata sukan jiƙa ɗan hatsi a ƙwarya su rufe, su ga ko irin yana da rai. Da Iya ta ɗago sai ta ce, "Wato a ƙwarya ya tsiro. Ba a kai shi gona ba tukuna."

"Ko gonar ba a share ba, Mama."

Iya ta tura kwalbar gaban Dakta. Na ji kamar an sauke mini dutse daga ka. Sai ta ƙara da cewa, "Na ji, na bar sha. Amma yankan nan, a'a."

A nan ne na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo. Na dube ta na ce, "Iya, don girman Allah." Ta juya fuskarta ga bango kamar na watsa mata ruwan zafi. Dakta ta dube ni, ta dube ta, ta ce, "Malam, ɗan ba mu wuri." Na fita na zauna a kan benci a baranda. Na ga an kira wata likita, abokiyar Dakta, ta shiga da jakarta aka rufe ƙofa. Ɗalibai suna wucewa suna gaishe ni, ina amsawa ban san me nake cewa ba.

Da Dakta ta fito ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Ta ce abokiyarta ta duba, maganar majo gaskiya ce, kuma ba a da sauran lokacin ɓatawa. Sannan ta ce, "Ka san abin da ya hana ta? Ba tsoron wuƙa ba ne. Wata maƙwabciyarta ce ta gaya mata ba a yi wa mace opirasiyo sai namijin gida ya sa hannu. Mahaifinku ya rasu, ƙanenka ba ya nan, saura kai. Ta ce kai ka fara shan maman nan, ba za ta bari hannunka ya rubuta a yanke shi ba. Ta ce ba za ta ɗora maka wannan ka yi ta ɗauka har tsufanka ba."

Watanni ina aika mata da hujjoji a kan magani, ita kuwa ga abin da take riƙe da shi, kuma ba maganar da za ta iya ba ko Inna ta kawo mini ba ce.

"Na gaya mata," in ji Dakta, "babbar mace mai hankalinta ita ke ba da izini a kan jikinta. Yatsanta ya isa."

Can sai ga Iya ta fito, ta gyara mayafi, ta tsaya kusa da Dakta tana kallon fili. "Ƴata, gaya masa mu koma. A Damagaram za a yi, kusa da mutanena. Ya tanadi tawadar dangwale, tunda ita ce sana'arsa."

Dakta ta riƙe kwalbar don ta gwada abin da ke ciki, ta kuma rubuta mini shaida da hannunta cewa ba ta da alaƙa da masu sayarwar, kuma aikinta bai kai ga mutane ba. Sakamakon gwajin bai zo ba har yau, saboda haka ba zan ce guba ce ko ba guba ba ce, ba na rubuta abin da ban tabbatar ba.

A Matamaye muka ɗauki Inna. Da ta ji an shawo kan magana ba da ita ba, sai ta ɓata rai. "To wa ya yi muku baki?" Na ce, "Inna, rabin Nijeriya." Ta ce ai shi ya sa aka daɗe.

An yi opirasiyon a Damagaram. Iya ta dangwala yatsanta, ina waje. Likitan ya gaya mini ciwon ya riga ya kai ga kaluluwar hammata, kuma da an zo tun lokacin da aka fara jin ƙullutun, da aikin ya fi sauƙi ƙwarai. Yanzu muna kai ta Yamai ana ƙara mata magani ta jijiya. Yana wahalar da ita, gashinta ya zube, abinci ba ya zama. Ba a ba mu tabbaci ba, ba a kuma yanke mana ƙauna ba. Muna roƙon Allah, muna kuma zuwa duk ranar da aka ce mu zo.

A dawowarmu ta baya-bayan nan kar ta tsaya a Gidigir ranar kasuwa. Farar motar tana nan, lasifika yana ta shela, mata sun kewaye ta, hoton Dakta Rabi yana hannun kowace. Na sauka na rubuta lambar motar, na ce wa mai sayarwar matar da ke jikin kwalbarsa ta ƙaryata shi a rubuce. Ya yi murmushi ya ce, "Mushe, mu ba mu tilasta wa kowa ba." Direbanmu ya matsa oda, dole na koma.

Saboda haka, ni Yunusa, ma'aikaci a Gure, cikin ladabi da cikakken sanin nauyin abin da nake faɗa, ina roƙon hukumomin da Allah ya ɗora wa kula da lafiyar jama'a da tsarin kasuwanni a wannan yanki da su buɗe bincike a kan wannan mota da masu ita: wa ya haɗa abin da suke sayarwa, me ke cikinsa, da izinin wa suke yawo, kuma mata nawa suka jinkirta zuwa likita saboda shelarsu. Ina roƙon a dakatar da sayarwar har a gama binciken. Ina kuma roƙon a karanta shaidar Dakta a rediyon gari, da Hausa da Barbarci, a ranakun kasuwa, tare da sanar da mata cewa kowace ita ke da ikon ba da izinin a yi mata aiki. Ba na neman a wulaƙanta binciken naman kaza, na ga masu yinsa da idona, mutanen kirki ne masu faɗin iyakar abin da suka sani. Waɗanda suka sace rabin maganarsu suka sayar nake ƙara.

Lambar motar, da kwalba ɗaya da na saya a wurinsu ban buɗe ba, da shaidar Dakta suna hannuna, zan miƙa su ga duk wanda aka naɗa. Watannin da aka cinye wa mahaifiyata babu hukumar da za ta mayar mata da su, ba kuma su nake nema ba. Akwai matan da nasu watannin ba su ƙare ba tukuna. Iya ta aiko Inna ta gaya mini cewa in an kafa masu binciken, za ta zo da ƙafarta ta ba da shaida, ta nuna wa matan cikinsu tabon in suna son gani. Sharaɗinta ɗaya ne, kada in kasance a ɗakin. Na amince, kuma ina roƙon a sa mata rana tun tana da ƙarfin zuwa.